Kweza a cikin ƙura, da iskar da ke ciyar da biranen taurari

Wanda ya fita bayan gari a Daura ko Katsina cikin watan Nuwamba, bayan sallar isha'i, a daren da babu farin wata kuma hazo bai sauko ba, idan ya ɗaga kai ta wajen arewa zai iya hango wani ɗan tabo fari-fari, dishi-dishi. Wannan tabon shi ne Andiromeda, mafi girma a cikin biranen taurarin da ke maƙwabtaka da mu, irin abin da masana ke kira galaksi. Hasken da ke shigowa idonka daga can ya kwashe shekara miliyan 2.5 a hanya. Sai dai abin da ido ke gani tsakiyar birnin ce kawai. A 2020 masu bincike da madubin Hubble suka bayyana cewa wata siririyar iska ta lulluɓe Andiromeda, ta bazu har nisan da haske zai yi shekara miliyan 1.3 kafin ya kai, a wasu ɓangarorin ma kusan miliyan 2. Wato ta cinye rabin tazarar da ke tsakaninta da birninmu na Milki We. Ba ganinta suka yi da ido ba. Hasken kwezoji 43 (kweza tsakiyar wani birnin taurari ce mai tsananin haske) da ke can nesa a bayanta suka auna, suka lura da abin da iskar ta tsotse daga hasken lokacin da yake ratsa ta.

A kan wannan iskar ta kewaye nake son magana. A ganina a cikinta ake yanke wa birnin taurari hukunci, ko ya ci gaba da haihuwar taurari ko ya daina, kuma babu inda ake tarar da shari'ar tana tsakiyar gudana kamar a kusa da kwezojin nan masu nisa waɗanda ƙura ta rufe.

A 1963 ne Maarten Schmidt, ɗan ƙasar Holan da ke aiki a Kalifoniya, ya rarrabe hasken wani ɗigo mai suna 3C 273 zuwa launukansa, ya ga alamomin haidirojin sun goce daga inda aka san su da kusan kashi 16 cikin ɗari. Gocewa irin wannan nisa take nunawa, domin sararin samaniya buɗewa yake yi, hasken da ya daɗe a hanya kuma sai ya miƙe ya karkata wajen ja. Lissafi ya ba da tafiyar haske ta kimanin shekara biliyan 2.4. Duk abin da za a hango shi kamar tauraro daga irin wannan nisan, to ya wuce tauraro: haskensa ya ninka na dukan taurarin birninmu a haɗe kusan sau ɗari. Irin wannan ɗigon ne aka sa wa suna kweza. Wannan kwezar tana bi ta saman Katsina kusan tsakar kai a dararen Afrilu, amma sai mai madubin hangen nesa mai ɗan girma ne zai same ta.

Abin da ke hura wutar baƙin rami ne, wato wuri mai tsananin jan nauyi da ko haske ba ya kuɓuce masa, kamar yadda Donald Lynden-Bell ya yi bayani a 1969. Iskar da ta gangaro ba ta faɗawa ramin nan take. Kewaya shi take yi a faifai, tana gogar juna, tana ɗaukar zafi har ta yi tartsatsi. Rana, duk da ƙarfinta, kashi 0.7 cikin ɗari kawai na nauyin haidirojin da take sarrafawa ke zama makamashi. Baƙin rami kuwa yana fitar da wajen kashi 10 daga abin da ya haɗiya. Kusan kowane babban birni yana da nasa a tsakiya. Namu ya kai nauyin rana miliyan 4, kuma kwance yake, ba ya samun abin ci sosai. Na birnin M87, wanda aka fitar da hotonsa a 2019, ya kai biliyan 6.5. Kwezoji sun yi tashe ne kimanin shekara biliyan 10 da suka wuce, daidai lokacin da birane ke haihuwar taurari ninki goma na yadda suke yi yau. Abu ɗaya ne ke ciyar da su duka biyun, iska mai sanyi.

To daga ina iskar take zuwa? Birninmu yana mayar da iska mai nauyin rana ɗaya zuwa biyu ta zama taurari a kowace shekara. Idan aka auna abin da ke cikin faifan birane irinsa, ba zai wuce shekara biliyan ɗaya ko biyu ba ya ƙare. Amma ga shi sun fi shekara biliyan 10 suna haihuwa. Ke nan ana kawo musu daga waje. Mafi yawan haidirojin da sauran sinadaran da ke sararin samaniya ba a cikin taurari suke ba. Abin da ke cikin taurari bai kai kashi 10 cikin ɗari ba. Sauran yana warwatse tsakanin birane da kewayensu, siriri ƙwarai, ta yadda a wasu wuraren sai ka ɗebi lita goma kafin ka sami ƙwayar zarra guda. Wani ɓangaren zafinsa ya kai digiri miliyan, wani kuma dubu goma, wanda a wannan fagen shi ake kira mai sanyi. Duk abin da zai shiga birni ta nan zai bi, duk abin da birni ya tofar kuma a nan zai sauka.

Wajen 1998 zuwa 2000 aka gano wani abin mamaki. Nauyin baƙin rami yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyin curin taurarin da ke tsakiyar birninsa, kusan kashi ɗaya ko biyu cikin dubu. Ramin ɗan mitsitsi ne idan aka kwatanta da birnin, jan nauyinsa ba ya kaiwa ko'ina, to yaya aka yi suka san girman juna? Joseph Silk da Martin Rees suka kawo shawara a 1998 cewa idan rami ya girma, makamashin da yake fitarwa yakan kori iskar da ke ciyar da shi, ƙaiƙayi ya koma kan mashekiya, shi ya daina girma, birnin ma ya daina. Tun kafin nan, a 1988, David Sanders da abokan aikinsa sun lura da wasu birane da tauraron ɗan'adam na IRAS ya gano, masu tsananin haske a ɓangaren infirared, wato hasken da ya wuce ja wanda ido ba ya gani, kuma kusan dukansu birane ne biyu da suka yi karo. Daga nan labari ya haɗu. Birane biyu su gwabza, iska ta tuttuɗo tsakiya, taurari su ɓarke da haihuwa, ƙura ta turnuƙe, baƙin rami ya yi ta ci a ɓoye, sannan ya yi ƙarfi ya yaye lulluɓin, kweza ta bayyana shuɗiya tas, daga baya a bar birni ja, tsoho, ba haihuwa. A 2005 Tiziana Di Matteo da Volker Springel da Lars Hernquist suka gwada haka a kwamfuta, ya kuma fito kamar yadda aka zata.

Labarin yana da daɗin ji, kuma akwai gaskiya a cikinsa. Amma kwamfuta abin da aka saka mata take mayarwa. Idan haka abin yake a zahiri, to kweza mai ƙura ita ce aka kama a tsakiyar aikin, don haka a wurinta ya kamata a nemi shaida.

Ƙurar sararin samaniya ƙwayoyin gawayi ne da na yashi, ƙanana fiye da kashi ɗaya cikin dubu na milimita, taurari masu mutuwa ne ke zubar da su. A birninmu ba ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin iska ba, amma ɓarnar da take yi wa haske ba kaɗan ba ce. Mu da muka san hunturu ba ma buƙatar dogon bayani. Idan ƙurar Bodele ta ƙasar Cadi ta sauko Katsina a watan Janairu, da la'asar sakaliya kana iya kallon rana da ido ƙuru-ƙuru, ta dushe, ta yi ja-ja, alhali ita ranar ba abin da ya rage ta. Haka ƙura ke yi wa kweza: ta fi cin shuɗin haske da wanda ya wuce shuɗi, ta ƙyale ja ya wuce, idan ta yi kauri kuma ta toshe duka. Sai dai makamashi ba ya ɓata. Ƙurar ɗumi take ɗauka, ta sake fitar da shi a matsayin infirared. Shi ya sa aka daɗe ana ƙidayar kwezoji da giɓi, domin madubin da ke neman shuɗin ɗigo ba zai ga waɗannan ba. Kuma ƙura tana da wani aikin: haske ya fi iya tura iska mai ƙura, ninki ɗaruruwa, fiye da iskar da ba ta da ita. Wato lulluɓin da ya ɓoye kweza shi ne kuma abin da hasken ke kamawa ya yi jifa da iskar.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Akwai hanya biyu da kweza za ta zama a rufe. A 1985 Robert Antonucci da Joseph Miller suka nuna cewa birnin NGC 1068 yana da tsakiya mai haske wadda wani zoben ƙura ya tare mana, ana ganinta ne kawai ta hasken da ya daki wani abu ya karkato. Ke nan wata kwezar ba wani mataki na rayuwa take ciki ba, mu ne muke kallonta ta gefe, wanda ke kallonta ta sama zai gan ta a buɗe. Wata kuma ta kowane ɓangare a rufe take, saboda birnin gaba ɗaya ya cika da iska da ƙura, abin da ya fi yawa a farkon zamani lokacin da birane suke ƙanana a cunkushe. Daga kallon tsakiyar kaɗai da wuya a raba biyun. Iskar kewaye ce ke iya rabawa. Idan zoben ƙura ne, haske zai tsere ta sama da ƙasa ya haska iskar a ɓangare biyu, a bar gefe cikin duhu. Idan kuwa mataki ne na ƙuruciya, ya kamata a tarar da maƙwabta da yawa, da iska mai sanyi jibge, da alamun hargitsi. Akwai kuma wata riba: ƙurar ta rage ƙyallin tsakiyar da ke kashe ido, sai abin da ke gefe ya fi fitowa.

A 2014 Sebastiano Cantalupo da abokansa, da madubin Keck na Hawai, suka ga wani gajimaren haidirojin a kewayen kweza UM287, tsawonsa ya haura tafiyar haske ta shekara miliyan 1.5. Kwezar ce ke haska shi, shi kuma yana mayar da hasken ta wani launi na musamman da ake kira Laiman-alfa. A 2014 ɗin ne kuma aka kunna na'urar MUSE a babban madubin Turai da ke Paranal a ƙasar Cile, wadda ke rarrabe launukan kowane ɗigo na hoto. A 2016 Elena Borisova ta jagoranci duba kwezoji 19 da ita, kuma kowace ɗaya aka same ta da nata gajimaren, faɗinsa ya haura tafiyar haske ta shekara dubu 300. Abin da ake ɗauka na nadiri ne ashe ruwan dare ne. Sai dai Laiman-alfa yana da wuyar sha'ani a wurin mai ƙura, domin ba ya tafiya a miƙe, daga wannan zarra sai waccan, har ƙura ta haɗiye shi. Idan aka ga gajimaren kweza mai ƙura ya dushe, ba lallai iska ce babu ba, mai yiwuwa fitilar ce ba ta kai gare ta ba. Duk wanda ya manta wannan zai karanta hoton a baibai.

Shi ya sa ake komawa ga ALMA, faranti 66 da aka jera a tudun Atakama na ƙasar Cile, mita 5,000 sama da teku, masu jin hasken kabon da na ƙura mai sanyi, wanda lulluɓi ba ya tare shi. Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne W2246-0526, wanda tauraron ɗan'adam na WISE ya tono. Haskensa ya kai na rana tiriliyan 350, kusan duka a infirared, ya kuma baro can shekara biliyan 12.4 da suka wuce. A 2016 Tanio Díaz-Santos da abokansa suka ga iskar cikin birnin gaba ɗaya tana tafasa, tana gudun ɗaruruwan kilomita a daƙiƙa ta kowace fuska. Wannan ya dace da labarin kora. Amma a 2018 suka sake dubawa da kyau, sai ga igiyoyin ƙura da iska sun haɗa shi da ƙananan birane uku na kusa, yana zuƙe su. Kora da shigowa a lokaci guda, a wuri guda. Madubin James Webb, wanda aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, ya ga makamancin haka. A 2022 Dominika Wylezalek ta duba wata jar kweza mai suna J1652, wadda aka riga aka sani da guguwa mai tsananin gudu, ta tarar da aƙalla birane uku suna kewaya ta a matse.

Guguwar kam gaskiya ce. A birnin Markarian 231, wanda bai kai shekara miliyan 600 na tafiyar haske ba, Chiara Feruglio ta auna a 2010 cewa iska mai sanyi mai nauyin rana kusan 700 ke fita kowace shekara, fiye da abin da ake mayarwa taurari. Amma fita daga tsakiya daban, barin birni daban. Babban birni yana zaune ne a cikin wani ƙaton curin baƙin abu marar haske, mai jan nauyi ƙwarai, kuma yawancin abin da aka kora ba ya da gudun da zai kuɓuce masa. A kewaye yake tsayawa, ya huce, wani ya dawo. Sinadarai masu nauyi irin su kabon da oksijin da ake tararwa can nesa da taurari, alhali a cikin taurari kaɗai ake ƙera su, shaida ce ta wannan kai-kawo. Ga kuma kwezoji na farkon zamani da biranensu ba su nuna alamar mutuwa ba: J0313-1806, wadda ake gani kamar yadda take shekara miliyan 670 bayan farkon buɗewar sararin samaniya, tana da rami mai nauyin rana biliyan 1.6 da guguwa mai ƙarfi, amma birninta yana haihuwar taurari masu nauyin rana 200 a shekara.

Awon kansa ma yana buƙatar taka-tsantsan. A 2012 da 2015 an ba da rahoton wata ƙatuwar guguwar kabon a kewayen kweza J1148+5251, aka yi ta kafa hujja da ita. A 2022 wasu suka sake aunawa da ingantattun farantan NOEMA na Faransa, ba su ga guguwar ba. Wannan ba abin kunya ba ne ga kowa, haske ne da ya kai maƙura wajen dushewa. Amma ya isa ya sa mutum ya rage saurin gaskata manyan lambobi.

Sai batun lokaci, wanda a ganina shi ne ya fi rikita lissafin. Guguwa mai gudun kilomita 1,000 a daƙiƙa tana buƙatar shekara miliyan 30 kafin ta ratsa tazarar da haske ke ratsawa a shekara dubu 100. Kweza kuwa kunnawa take yi tana mutuwa a ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Wata malamar makaranta a Holan, Hanny van Arkel, ita ta tsinto hujjar a 2007, tana taya masana tantance hotuna a intanet a shirin Galaxy Zoo. Ta ga wani baƙon gajimare kusa da birnin IC 2497, aka bincika aka tarar hasken wata kweza ne ke haska shi, kwezar da ta riga ta dushe, saƙon dushewar ne bai iso gajimaren ba tukuna. Irin waɗannan hotuna da awo, na Sloan da Hubble da ALMA, a buɗe suke a intanet, ɗalibin fiziya a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko ta Dutsin-Ma zai iya sauke su ya yi aiki a kai, kuma ina fatan a samu masu yi. Abin da gajimaren ya koyar shi ne, wanda ya kalli kweza yau ya tambaya ko ta kashe birninta, ya haɗa abu biyu da agogonsu ba ɗaya ba ne. Tsakiyar tana faɗin halin da ake ciki yanzu, iskar kewaye kuma tana riƙe da tarihin duk kunnawar da aka yi a baya.

Saboda haka ni na fi karkata ga cewa kweza ba ta kashe birni da bugu ɗaya. Abin da take yi shi ne ta zuba zafi da hargitsi a iskar kewaye, sau da yawa, har ta kai iskar ba ta iya hucewa ta gangaro. Birnin ya ci gaba da cin abin da ke hannunsa na wasu ɗaruruwan miliyoyin shekaru, sannan haihuwa ta tsaya don ba a kawo sabo ba. A kusa da mu ana ganin ƙarshen wannan aikin ƙarara. A tarin biranen Fasiyus, madubin Chandra mai ganin hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, ya nuna manyan kumfa da baƙin ramin tsakiya ya hura a cikin iska mai zafi, suna hana ta sanyi. A 2011 kuma Jason Tumlinson da abokansa suka nuna da Hubble cewa biranen da ke haihuwa suna kewaye da oksijin mai ɗumi jibge, waɗanda suka daina kuwa da ƙyar ake samunsa a nasu kewayen. Bambancin mai rai da matacce ya fito a waje, nesa da inda taurarin suke.

Kwezoji masu ƙura su ne farkon wannan zaren, lokacin da shigowa ta fi fita ƙarfi kuma ramin ya fara mayar da martani. Laiman-alfa yana nuna iska mai digiri dubu goma, ALMA tana nuna mai tsananin sanyi, James Webb yana nuna wadda guguwa ta daka. Wadda ta rage ita ce mai digiri miliyan, inda ake sa ran mafi yawan makamashin kwezar ya tare, kuma a irin wannan nisan eksirenta ya yi rauni ƙwarai. Hanyar da ake bi yanzu ita ce a nemi ɗan tabon da iska mai zafi ke bari a kan tsohon hasken da ya cika sararin samaniya tun farkonsa, dabarar da Rashid Sunyaev da Yakov Zeldovich suka tsara tun wajen 1970. Idan aka auna wannan zafin a kewayen kwezoji masu ƙura da kuma na buɗaɗɗu masu nauyi ɗaya a zamani ɗaya, aka tarar na buɗaɗɗun ya fi, to lallai mai ƙurar ce ƙaramar, kuma zafin taruwa yake yi da shekaru. Idan aka tarar daidai suke, to yawancinsu ta gefe kawai muke kallonsu.